Gibin da Babu Shi: Manhajar Horizon da Wakilan Gidan Waya na Birtaniya

Shirin faɗakarwa na wannan mako a kan manhajojin gudanar da kasuwanci da lissafin kuɗi zai tsaya ne a kan manhaja guda ɗaya, wato Horizon, wadda hukumar gidan waya ta Birtaniya ta fara girkawa a rassanta a shekarar 1999, wadda kuma ta zama sanadin ɗaya daga cikin shari'o'in zalunci mafi yawan waɗanda abin ya shafa a tarihin ƙasar. Manhaja ita ce jerin umarnin da masana suke rubutawa domin kwamfuta ta bi wajen yin aiki, manhajar lissafi kuwa ita ce wadda ta gaji babban littafin akawu, tana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, sannan a ƙarshen rana ko mako ta faɗi adadin da ya kamata a tarar a cikin akwatin kuɗi.

Kafin a shiga labarin, wajibi ne a fahimci yadda gidan waya yake aiki a can, domin a cikin tsarin aikin ne matsalar ta samu wurin zama. Hukumar mallakar gwamnati ce, kuma a yau tana da rassa kusan 11,500, amma mafi yawansu ba ma'aikatan hukumar ne suke riƙe da su ba. 'Yan kasuwa ne masu zaman kansu, yawanci masu ƙananan kantuna a ƙauyuka da unguwanni, waɗanda suke zuba jarinsu su karɓi wakilcin reshe, su riƙa sayar da kan sarki, suna biyan fansho da kuɗin tallafi, suna karɓar ajiya da kuɗin wuta da na ruwa, ana biyansu lada gwargwadon hada-hadar da suka yi. Yarjejeniyar da ke tsakaninsu da hukumar ta ɗora wa wakili alhakin biyan asarar da ta faru saboda sakacinsa ko kuskurensa ko na yaran shagonsa, sai dai a aikace hukumar ta riƙa ɗaukar kowane gibi a matsayin bashi a wuyan wakili, sai fa idan shi ne ya kawo hujjar cewa ba laifinsa ba ne. Kamfanin ICL na Birtaniya, wanda a lokacin yake ƙarƙashin kamfanin Fujitsu na Japan, shi ne ya rubuta manhajar, kuma shi ne ya ci gaba da kula da ita da dukkan bayanan da ke cikinta. Ma'ana, an buƙaci wakili ya kare kansa da hujjar da take ajiye a hannun wani.

Ba a daɗe da girka manhajar ba wakilai suka fara ganin gibi, wato bambanci tsakanin kuɗin da ke hannu da kuɗin da kwamfuta ta ce ya kamata a samu. Wani lokaci fam ɗari kaɗan ne, wani lokaci dubbai ne. A zamanin littafin takarda, wakili yana iya zama da dare ya bi rasit ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda lissafi ya karkace, amma Horizon ba ta ba shi cikakkiyar hanyar bin sawun cinikinsa ba. Idan ya kira layin taimako, amsar da da yawa daga cikinsu suka ba da shaida a kanta daga baya iri ɗaya ce, wato an gaya wa kowannensu cewa shi kaɗai ne yake da wannan matsala. Bayan wani sauyi da aka yi wa tsarin a wajen shekarar 2005, al'amarin ya ƙara tsanani, domin wakili ba ya iya buɗe sabon zangon ciniki sai ya amince da lissafin zangon da ya gabata, ko dai ya cike gibin da kuɗin aljihunsa, ko ya yarda a rubuta masa shi a matsayin bashi. Wasu sun cinye ajiyarsu, wasu sun jinginar da gidajensu, wasu sun ranto daga 'yan uwa, wasu kuma da suka rasa yadda za su yi sai suka riƙa shigar da adadin da kwamfuta take so domin su samu damar buɗe shago da safe, abin da daga baya aka kama su da shi a matsayin laifin shirya lissafin ƙarya.

A nan ne wani abu na musamman a tsarin shari'ar Ingila da Wales ya shigo. Doka ta ba hukumomi da ɗaiɗaikun mutane damar gurfanar da wanda suke zargi a kotun laifuka da kansu, ba tare da bi ta hannun 'yan sanda ko ofishin mai gabatar da ƙara na gwamnati ba, kuma hukumar gidan waya ta daɗe tana amfani da wannan dama. Saboda haka ita ce mai kukan an yi mata sata, ita ce mai bincike, ita ce mai gabatar da ƙara, kuma ita ce take yanke shawarar irin takardun da za a nuna wa lauyan wanda ake tuhuma. Tsakanin 1999 da 2015 an samu mutum fiye da 900 da laifin sata ko zamba ko lissafin ƙarya bisa bayanan Horizon, kuma kimanin 700 daga cikin waɗannan shari'o'i hukumar ce da kanta ta shigar da su.

Sunayen wasu daga cikin wakilan da abin ya shafa sun shiga tarihi. Lee Castleton, wakilin wani reshe a garin Bridlington, ya ƙi amincewa da gibin kusan fam 25,000, hukumar ta kai shi babbar kotu, ya kare kansa ba tare da lauya ba, ya sha kaye a farkon 2007, aka ɗora masa kuɗin shari'a fam 321,000, ya tsiyace. Jo Hamilton, wakiliyar ƙauyen South Warnborough, ta ga gibin reshenta ya ninka a gaban idonta a lokacin da take bin umarnin ma'aikacin layin taimako, kuma a 2008 ta amsa laifin lissafin ƙarya domin a janye tuhumar satar fam 36,000, alhali rahoton mai binciken hukumar da kansa bai sami shaidar sata ba. Seema Misra ta garin West Byfleet kuwa, an yanke mata ɗaurin wata 15 a 2010 tana da juna biyu. Abin da ya sa shari'arta ta fi ciwo shi ne, kwanaki kaɗan kafin a fara ta, jami'an hukumar da na Fujitsu sun zauna a kan wata tangarɗa da aka gano a manhajar wadda take ɓata lissafin gomman rassa, amma ba a sanar da lauyoyinta ba.

Wannan tangarɗa ta cancanci a tsaya a kanta, domin ta taɓa ginshiƙin ilimin akanta kansa. Tun kafin Luca Pacioli ya bayyana tsarin a littafinsa da aka buga a Benis ta ƙasar Italiya a 1494, 'yan kasuwa sun san lissafi mai fuska biyu, wato kowace hada-hada a rubuta ta sau biyu, sau ɗaya a ɓangaren inda kuɗi ya fito, sau ɗaya a ɓangaren inda ya shiga, ta yadda jimillar ɓangarorin biyu dole ta yi daidai, in kuwa ba ta yi ba, to an san akwai kuskure. Tangarɗar 2010 ta sa idan wakili ya bi wasu matakai a jere yayin rufe zangon ciniki, bambancin da ke tsakanin abin da aka karɓa da abin da aka biya sai ya ɓace daga allon reshe, amma ya ci gaba da zama a babbar ma'ajiyar bayanai ta hukumar. Wakili yana ganin lissafinsa ya daidaita, hedikwata tana ganin akasin haka, kuma babu wanda ya gaya masa. Wata tangarɗar, wadda aka laƙaba wa sunan garin Dalmellington na Sikotland inda aka gano ta a 2015, ta fi sauƙin fahimta. Wata wakiliya tana shigar da karɓar fam 8,000 sai allon ya tsaya cak, ta sake danna maɓalli kamar yadda kowa zai yi, ashe kowace dannawa manhajar tana rubuta sabuwar karɓa, har ta rubuta sau huɗu, aka wayi gari ana binta fam 24,000 da ba su taɓa shiga hannunta ba. Akwai kuma ta Callendar Square a garin Falkirk, wadda take maimaita hada-hada ɗaya sau biyu, kuma ta yi shekaru a cikin tsarin kafin a magance ta.

Duk mai ilimin kwamfuta ya san cewa babu babbar manhaja da ta kuɓuta daga irin waɗannan kurakurai, kuma samuwarsu a Horizon ba abin mamaki ba ne. Manhajar da take sarrafa miliyoyin hada-hada a kowace rana tana iya yin daidai a kusan dukkansu, amma ɗan abin da ya rage ya isa ya rusa gidaje ɗaruruwa. Laifin da ya fi girma shi ne musantawa. Fujitsu tana da rumbun da take rubuta kurakuran da aka sani, ma'aikatanta a ofishinsu na Bracknell kuma suna iya shiga lissafin reshe daga nesa su sauya adadi ba tare da wakili ya sani ba, abin da hukumar ta yi shekaru tana cewa ba zai yiwu ba. Wannan batu na shiga daga nesa yana da nauyi ƙwarai a shari'a, domin dukkan tuhumar ta ginu ne a kan zaton cewa babu hannun da yake taɓa lissafin reshe sai na wakili da yaransa. Hausawa sun ce in an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu, amma a wannan lamari an shafe shekaru fiye da goma ana bin wanda ake zargi, ba a taɓa juyowa an dubi mai kawo shaidar ba.

Wanda ya ƙi sakin maganar shi ne Alan Bates, wakilin reshen Craig-y-Don a arewacin Wales, wanda ya ƙi sa hannu a kan lissafin da ba zai iya tantancewa ba, aka soke wakilcinsa a 2003. A watan Mayu na 2009 mujallar Computer Weekly ta buga labarin wasu wakilai bakwai, a ƙarshen shekarar kuma waɗanda abin ya shafa suka haɗu a zauren taron ƙauyen Fenny Compton suka kafa ƙungiya, inda kowa ya gane cewa ba shi kaɗai ba ne. Matsin lambar 'yan majalisa ya sa hukumar ta ɗauko kamfanin binciken lissafi na Second Sight a 2012, amma da bincikensa ya fara tono abin da ba a so, sai aka kawo ƙarshen aikinsa a 2015. A 2013 wani lauyan da hukumar ta nemi shawararsa ya rubuta mata cewa masanin Fujitsu da yake ba da shaida a kotuna ya san da kurakurai bai faɗa ba, don haka ba za a sake dogara da shi ba, amma wannan shawara ba ta fito fili ba sai bayan shekaru bakwai.

Daga ƙarshe wakilai 555 suka haɗa kai suka shigar da ƙara a babbar kotu a Landan. Hukumar ta kashe maƙudan kuɗi wajen kare kanta, har ta nemi Mai Shari'a Fraser ya janye daga shari'ar bisa zargin son kai, buƙatar da aka yi watsi da ita. A hukuncinsa na watan Disamba 2019, bayan ya bi kurakurai kusan talatin ɗaya bayan ɗaya, alƙalin ya tabbatar da cewa manhajar tana iya haifar da gibi a lissafin rassa kuma ta haifar, cewa ana iya shiga lissafin daga nesa, ya kuma kwatanta matsayin hukumar da na mai dagewa cewa duniya shimfiɗaɗɗiya ce. An yi sulhu a kan kusan fam miliyan 58, amma da aka cire kuɗin lauyoyi da na waɗanda suka ɗauki nauyin ƙarar, abin da ya rage wa mutum 555 bai wuce kimanin fam miliyan 12 ba. A watan Afrilu na 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin mutum 39 a zama ɗaya, tana mai cewa ɓoye bayanan da aka yi ya kai matsayin da tun farko bai kamata a gurfanar da su ba.

Duk da haka sai da gidan talabijin na ITV ya nuna wasan kwaikwayo a kan lamarin a farkon watan Janairu na 2024 kafin hankalin jama'ar ƙasar ya tashi gaba ɗaya, wanda abin takaici ne ga duk mai ganin cewa hukuncin kotu ya kamata ya wadatar. Cikin kwanaki firaminista Rishi Sunak ya sanar da sabuwar doka, Paula Vennells da ta shugabanci hukumar daga 2012 zuwa 2019 ta mayar da lambar girmamawar da aka ba ta, shugaban Fujitsu na Turai ya amince a gaban kwamitin majalisa cewa akwai haƙƙi a kan kamfaninsa na ba da gudummawa wajen biyan diyya. A watan Mayu na 2024 majalisa ta zartar da dokar da ta wanke waɗanda aka hukunta a dunƙule, matakin da ba a saba gani ba domin soke hukunci aikin kotu ne. Kwamitin bincike ƙarƙashin tsohon alƙali Wyn Williams ya fitar da kashin farko na rahotonsa a watan Yuli na 2025, inda ya bayyana cewa akwai yiwuwar aƙalla mutum 13 sun kashe kansu sanadiyyar wannan bala'i, kuma waɗanda suka cancanci diyya sun kai kimanin 10,000. A tsakiyar shekarar 2025 diyyar da aka biya ta haura fam biliyan ɗaya daga baitulmalin gwamnati, mutane da dama kuwa sun rasu kafin nasu ya iso.

Tambayar da masana shari'a suka fi mayar da hankali a kanta ita ce yadda aka yi kotuna suka karɓi bayanan kwamfuta ba tare da tuhuma ba. Sashe na 69 na dokar 'yan sanda da shaidar laifuka ta 1984 ya wajabta wa mai gabatar da ƙara ya nuna cewa kwamfutar tana aiki daidai kafin a karɓi abin da ta fitar. Hukumar gyaran dokoki ta ba da shawarar a soke shi a 1997, dokar 1999 ta soke shi, a daidai lokacin da Horizon take shiga rassa. Daga nan aka koma ga ƙa'idar cewa ana ɗaukar na'ura tana aiki daidai har sai an kawo hujjar akasin haka. Wannan ƙa'ida tana da ma'ana ga sikelin mai awo, wanda kowa zai iya ɗora masa dutsen da aka san nauyinsa ya gwada shi a bainar jama'a, amma ba ta dace da manhaja mai miliyoyin layukan umarni ba, wadda take yin daidai sau dubu ta kuskure sau ɗaya a wani yanayi da ba a iya maimaitawa, kuma wanda ake tuhuma ba shi da ikon leƙa cikinta. A watan Janairu na 2025 ma'aikatar shari'a ta Birtaniya ta nemi ra'ayin masana a kan sake duba wannan ƙa'ida.

A wannan gaɓa dokar Najeriya ta bi wata hanya dabam, kuma yana da kyau masu sauraro su san da ita. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya shardanta cewa kafin kotu ta karɓi takardar da kwamfuta ta fitar, sai an nuna cewa ana amfani da na'urar a kai a kai, cewa tana aiki yadda ya kamata a lokacin da ake magana a kansa, kuma a kawo takardar shaida mai ɗauke da sa hannun wani jami'i mai alhakin kula da ita. Wannan kariya ce ta gaske, sai dai darasin Horizon ya nuna iyakarta, domin mai sa hannu a takardar yawanci ma'aikacin ɓangaren da ya mallaki manhajar ne, kuma a shari'o'in Birtaniya ma an samu ma'aikatan kamfanin da suka ba da shaidar cewa komai lafiya. Sa hannun jami'i ba ya maye gurbin buɗe rumbun kurakurai da sawun bayanai ga ɗaya ɓangaren, sawun bayanai kuwa shi ne rubutaccen tarihin da manhaja take ajiyewa na wanda ya shigar da kowane adadi, da wanda ya sauya shi, da rana da sa'ar da aka yi hakan.

Alaƙar wannan labari da kasuwannin ƙasar Hausa ba ɓoyayyiya ba ce. Mai sana'ar POS a Kano ko Sakkwato ko Gusau yana zaune ne a irin kujerar wakilin gidan waya, domin jarin nasa ne, na'urar da manhajar na kamfani ne, cikakken bayanin hada-hada yana ma'ajiyar kamfani, kuma idan aka cire kuɗi daga asusun mai hulɗa ba su shigo ba, shi ne yake fuskantar mai kuɗin ido da ido. Wannan ba zargi ba ne ga wani kamfani, bayani ne a kan siffar dangantakar, wadda a cikinta mai ƙaramin ƙarfi yake ɗauke da asara, mai babban ƙarfi yake riƙe da hujja. Haka abin yake ga akawun kanti ko na gidan mai ko na kantin magani, wanda mai gida ya girka wa manhajar ƙididdigar kaya, ranar da allo ya nuna katan goma sun ɓace sai a fara kallonsa da idon zargi tun kafin a tambayi ko an shigar da kayan sau biyu, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar ciniki, ko intanet ya yanke kafin bayanin ya isa.

Saboda haka mai kasuwancin da zai sayi manhaja, ko QuickBooks ce ko Sage ko wadda wani matashi ya rubuta masa a cikin gari, ya kamata ya tambayi mai sayarwa ko tana ajiye sawun bayanan da ba a iya gogewa, ko ma'aikatan kamfanin suna iya shiga lissafinsa daga nesa, kuma in suna iyawa ko shigarsu tana barin alama. Ya kamata kowane ma'aikaci ya kasance da lambar sirrinsa shi kaɗai, domin inda mutum huɗu suke shiga da suna ɗaya babu yadda za a yi adalci ranar da gibi ya fito. Daidaita lissafi, wato kwatanta abin da manhaja ta nuna da takardar bayanin banki da kuɗin da aka ƙirga da hannu, aiki ne da ya fi amfani idan ana yinsa kullum, saboda gibin kwana ɗaya ana iya gano asalinsa, na wata uku kuwa da wuya. Wakilin da zai sa hannu a yarjejeniya kuma ya nemi a karanta masa sashen da ya yi magana a kan asara, ya san wanda aka ɗora wa nauyin kawo hujja, ya kuma tabbatar akwai hanyar da zai rubuta cewa bai amince da wani adadi ba ba tare da an rufe masa na'ura ba, domin rashin wannan hanya ce ta tura mutanen kirki a Birtaniya suka sa hannu a kan lissafin da suka san ba daidai ba ne.

A Birtaniya kuwa, binciken bai tsaya a kan Horizon kaɗai ba. An gano cewa wata tsohuwar manhaja mai suna Capture, wadda hukumar ta rubuta da kanta aka yi amfani da ita a wasu rassa a shekarun 1990, ita ma akwai yiwuwar ta haifar da gibin ƙarya, kamar yadda wani binciken ƙwararru da gwamnati ta sa aka yi a 2024 ya nuna, kuma an buɗe wa waɗanda ta shafa tsarin diyya nasu. 'Yan sandan Landan sun buɗe binciken laifi tun farkon 2020 bayan Mai Shari'a Fraser ya miƙa damuwarsa a kan shaidar wasu ma'aikatan Fujitsu ga ofishin mai gabatar da ƙara. Har zuwa shekarar 2025 rassan gidan waya suna aiki ne da sabon zubin Horizon da aka fara amfani da shi a 2017, kuma Fujitsu ce take kula da shi, domin yunƙurin hukumar na samar da manhajar da za ta maye gurbinsa ya ci kuɗi masu yawa bai kammalu ba.